Alkama a madadin alfalfa ga shanun madara: ina goyon baya amma da sharadi

Tun shigowar rani ake ta wannan magana tsakanin masu kiwon shanun madara a nan Gombe, musamman masu 'yan aure irin na Friesian, shanun Turai masu yawan nono, wai tunda ga alkama nan ana nomawa a Dadin Kowa to a daina wahalar neman alfalfa, ciyawar da ake nomawa dan ciyar da dabbobi, kawai a koma wa alkamar. Ni ina tare da masu cewa a yi amfani da alkama, amma gaskiya yadda wasu suka dauki abin yana bani tsoro, dan saniyar ce zata sha wahala.

Alfalfa dangin wake ce da gyada, shi yasa furotin dinta yake da yawa, mai kyau takan kai kashi 18 zuwa 20 cikin dari ga kuma kalsiyam. Aibinta shan ruwa. Saudiyya da duk kudinta sai da ta taka wa noman koren ciyawa birki a 2018 saboda ruwan karkashin kasa yana karewa, kamfanin madara na kasar mai suna Almarai har jihar Arizona ta Amurka yaje ya sayi gona yana noma alfalfa yana lodowa gida. To kaga neman madadinta ba mu kadai bane.

Inda ake rudewa shine alkama kala biyu ce a wajen saniya. Akwai karan da ya rage bayan an girbe an casa, wannan furotin dinsa bai wuce kashi 3 zuwa 4 ba, cika tumbi ne kawai. Akwai kuma wadda aka yanka tana danya da zangarniyarta aka shanya, ita ce takan kai wajen kashi 8 zuwa 12, kuma ita ake nufi in ana maganar maye gurbin alfalfa. Lokacin yankan ma da ka'ida. Ka shiga gonar ka ciro kwaya daya ka matse da farce, in farin ruwa ya fito kamar nono ko ya fara kauri kadan to lokaci yayi, in ka bari ta bushe ta yi fari-fat ka makara. Mu Allah ya taimake mu da iskar hunturu, shanya bata daukar lokaci, ka rika juyawa sannan ka kwashe zuwa inuwa tun koren bai gudu ba. Sannan a kula da gashin nan mai kaifi na zangarniya, in ya bushe yana soke dasashi, sai kaga saniya tana dalalar da miyau tana kallon abinci ta kasa ci, mai ita kuma yana ta sayen allura.

Ko mai kyan ma fa ba za ka cire buhu ka saka buhu kace shikenan ba. Alkama ta fi alfalfa kara, tana dadewa a tumbi, saniya ta koshi da wuri alhali abinda jikinta yake bukata bai shiga ba, sai nono ya fara ja baya. Amfaninta dai tana sa tuka sosai, wannan kuma yana taimakon man da ke cikin nonon. Gibin furotin dole a cike shi, kuma mu a nan bamu da uzuri, Gombe kasar auduga ce, ga angurya ga kulikuli ga dusa, uwa uba ga harawar wake da ta gyada wadda wallahi ita ce alfalfarmu tun kaka da kakanni. Ni a ganina aikin alkama ta ja harawa ta kai mu karshen rani, dan tana zuwa ne wajen Fabrairu da Maris daidai lokacin da daurin harawa yake tsada kamar me. A kara garin kashi ko farar kasa ta abincin dabbobi saboda kalsiyam, kuma canjin a yi shi a hankali cikin sati biyu, kar a juye mata rana daya.

Sai lissafin aljihu. Wanda ya yanka alkama danya ya hakura da kwayar kenan, kuma da farashin buhu a kasuwa ba kowane manomi zai yarda ba, sai in gonarka ce ko ka daidaita dashi tun kafin shuka. In bunaji gareka masu bada lita biyu uku ban ga dalilin wannan kashe kudi ba, ka sayi karan bayan girbi da araha. Ana gyara shi da takin yuriya, kilo 4 a narka a ruwa a yayyafa wa kilo 100 na kara a rufe ruf da leda kamar sati uku, amma dan Allah karon farko ka kira malamin dabbobi ya tsaya a kai, yuriya in ta yi yawa tana kashe saniya, kuma ba a ba kananan maruka.