Ranar da fayil ɗin ya ƙi buɗuwa

Shekarata ta uku ke nan a wani ɗakin bincike da ke Yaba, inda muke auna ruwan tafkin Legas: zafinsa, gishirinsa, hawansa da saukarsa. Na'urorin da muka dasa suna turo lambobi dare da rana, ni kuma aikina in ga sun shiga ma'ajiya lafiya. Da na fara, kallon aikin ɗan aike nake masa. Karɓi nan, ajiye can.

A Excel muke zuba komai a lokacin, har muka fara cin karo da bango, domin shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576. Dakta, shugabar sashenmu, mutuniyar Zariya ce mai magana a hankali. Ita ta ba mu labarin abin da ya faru a Ingila a 2020, lokacin korona, inda sakamakon gwajin mutum kusan 16,000 ya salwanta daga lissafi saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel da ke tsayawa a layi 65,536. Ta ce idan masu kuɗi da kayan aiki sun yi wannan tuntuɓen, mu da ke fama da janareta sai mu kama kanmu. Daga nan muka koma HDF5.

Ga wanda bai san shi ba, HDF5 tsarin ajiyar bayanan kimiyya ne da ya fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a 1998. Hukumar NASA tana zuba bayanan tauraron ɗan adam a cikinsa, kuma NetCDF-4, wani tsarin fayil da masana yanayi ke ji da shi, a kansa yake zaune. Fayil guda ne, amma cikinsa kamar gidan haya mai ɗakuna: kowane ɗaki da kayansa, a bakin ƙofa kuma an rubuta wace na'ura ce ta auna, yaushe, da wane ma'auni. Na so shi ƙwarai, har na fara ɗaukar kaina gwani.

Wata rana na ci karo da bayanin wata dabara da ta shigo HDF5 tun siga ta 1.10, wadda aka saki a 2016: na'ura na rubutu a fayil, wasu kuma na karanta shi a lokaci guda ba tare da an jira ta gama ba. Abin da muke nema ke nan. Na karanta sakin layi biyu na farko, na kunna, na ga yana aiki, na rufe shafin. Dakta har ta yaba min.

Bayan wata biyar wani ɗalibin digiri na uku daga wata jami'a a Arewa ya nemi bayananmu. Na tura masa. Da magariba ya kira. "Ɗan'uwa, me ka turo min ne? Abin nan ya ƙi buɗuwa." Na ce ya duba kwamfutarsa. Na sake turawa, haka. Kwana biyu muna ja, ni ina zargin intanet ɗinsa, shi yana haƙuri da ni, alhali lokacin miƙa aikinsa na ƙaratowa. Ashe manhajar da ke kwamfutarsa a kan siga ta 1.8 take, dabarar da na kunna kuwa tana rubuta fayil da sabon tsarin da tsohuwar siga ba ta gane shi. An faɗi haka ɓaro-ɓaro a shafin da na rufe, ƙasa kaɗan da inda na tsaya.

Daren nan na koma Agege a danfo, raina a ɓace. Na tarar da Kawu, wanda ya shekara ashirin yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, yana duba littafin bashinsa. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara, sannan ya ce, "Yaro, da ka ce ka ajiye, wa ka ajiye wa? In mai kaya ya zo makulli ya ƙi shiga, ai ka riƙe masa ne." Ya nuna min shafinsa: kowane buhu da sunan mai shi, da garin da ya fito, da ajami da boko, wai don ko ya kwanta ciwo yaron shagonsa ya iya karantawa. Ban ce komai ba.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Akwai wata ƙaramar manhaja, h5format_convert, da ke mayar da fayil yadda tsohuwar siga za ta karanta shi. Ita ma a wancan shafin aka ambace ta. Neman gafarar ɗalibin ya fi gyaran wuya.

Akwai kuma ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, janareta ya yi gardama, fayil ya tsaya da alamar cewa har yanzu a buɗe yake. Wannan karon wata ƙaramar manhaja, h5clear, ta cire alamar, muka tsira da bayananmu, amma sa'a ce kawai, domin katsewa irin wannan tana iya lalata cikin fayil ɗin gaba ɗaya. Tun daga nan muke rufe fayil kowace rana mu buɗe sabo, mu ajiye kwafi a wuri na biyu.

Yanzu duk sanarwar sabuwar siga da ta fito, sai na sayi shayi wajen mai shayin bakin titi na zauna na karanta ta har ƙarshe, musamman sashen abubuwan da aka canza da waɗanda aka daina. Rubutu ne mai sa barci, ba na musu. Na kuma je Computer Village da ke Ikeja na sayo wata tsohuwar kwamfuta, na sa mata siga ta 1.8, na hana kowa sabunta ta. A ofis Goggo ake kiran ta. Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta, kuma takan yi minti uku kafin ta farka. Duk fayil ɗin da zai fita daga hannunmu sai ya bi ta wajenta tukuna. Makon jiya ta mayar da guda biyu.