Laraba: Kotu da Goyo

Ƙaramata ta kwana da zazzaɓin haƙori, ga shari'ar fili da nake lauya a cikinta an sa mana yau ƙarfe 9. Bayan sallar asuba na tatsi nono a kwalba, na kai yarinyar wurin surukata. Hajiya ta taɓa goshinta ta ce, "Je ki, 'yar nan, Allah Ya ba da sa'a, amma kada ki kai yamma." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya," alhali ba a hannuna abin yake ba.

A kotu manya ake fara saurara. Mai muƙamin SAN, wato babban lauya, yana da damar a kira shari'arsa kafin ta kowa, mu ƙanana sai jira. Har azahar ta gota ina zaune cikin baƙar riga, nono ya cika ya yi tauri, ina jin danshi yana ratsa farar rigar ciki. Na rungume fayil a ƙirji don kada a lura. Da aka zo kanmu, lauyan ɗaya ɓangaren ya ce shaidarsa bai iso ba, aka ɗage. A mota na tatsa, na rufe gilashi da mayafi, don babu ɗakin da mai shayarwa za ta keɓe.

Abin da ke ci mini rai, na san dokar nan ciki da bai. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Amma sashe na 91 ya cire masu aikin ƙwarewa irin namu daga waɗanda dokar ke kira ma'aikata. Ke nan lauya a ofishi mai zaman kansa sai abin da takardar ɗaukar aiki ta ce, ko abin da oga ya ga dama. Wannan bai yi ba, wallahi.

Ana yawan kawo mana misalin Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012, mace ta farko. Ina alfahari da ita ƙwarai. Sai dai matan da muka yi makarantar lauyoyi ta Bagauda tare, da yawa sun ajiye zuwa kotu bayan haihuwar fari, kuma ba don ba su iya ba.

Sai bayan magariba na ɗauko yarinyar, jikin ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Abbansu ya yi wa babban yaron aikin makaranta. Oga ya turo saƙo yana son jawabin ƙarshe na wata shari'ar kafin ƙarfe 8 na safe. Ranar Asabar akwai taronmu na FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, zan kawo maganar ɗakin shayarwa a harabar kotu, a rubuce zan kai ta.