Sana'ar jin ta bakin mutane a zangunan Kumasi

Aikin ƙaramin kamfaninmu a Kumasi shi ne jin ta bakin mutane a madadin waɗanda ba su da lokaci, ko harshe, ko fuskar da za su shiga unguwa su ji da kansu. Masu kawo aikin yawanci ƙungiyoyin lafiya ne, da bankunan ƙananan 'yan kasuwa, da ɗaliban babban digiri na jami'ar KNUST ta Kumasi ko jami'ar Legon ta Accra. Kusan kullum suna zuwa da alƙaluma a hannu. A ce banki ya ga matan Aboabo, ɗaya daga zangunan Kumasi, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, sun buɗe asusu sun bar shi fayau, kuɗinsu na wajen mai adashi, wanda a nan aka fi sani da susu. Bankin ya san su nawa ne, dalilinsu ne bai sani ba, shi muke nemo masa.

Bincike iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, kamar ƙidayar jama'a ta 2021 da ta ce 'yan Ghana sun kai miliyan 30.8: tambaya ɗaya ga kowa, amsa a cikin akwati. Akwai kuma na hira, inda ake zama da mutum ƙalilan a bar su su yi bayani da kalmominsu. Tun a zaman farko muke gaya wa mai aiki cewa ba zai ga "kashi kaza cikin ɗari" a rahotonmu ba. Wanda ya yi hira da mata 20 sannan ya rubuta cewa kashi 60 na matan zango ba su yarda da banki ba, ya yi ƙarya da lissafi, domin ba a zaɓi matan ta hanyar da za su wakilci kowa ba. Wasu masu aikin daga nan suke tafiya, kuma gara su tafi tun kafin a sayi batir.

Kayan aikin uku ne. Hira da mutum ɗaya, minti 45 zuwa awa guda, ita ta dace da abin da ake jin nauyin faɗa a gaban jama'a: bashi, ciwo, tazarar haihuwa, rikicin gida. Zaman rukuni, mutum 6 zuwa 10 na kamar awa ɗaya da rabi, shi ke fito da abin da unguwa ta ɗauka daidai ne da abin da ake gardama a kai. Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin Robert Merton da Paul Lazarsfeld a Amurka, a shekarun 1940, lokacin da suke auna yadda masu sauraro ke karɓar shirye-shiryen rediyo. Na uku shi ne zama a lura: mai bincike ya wuni a gefen rumfa a kasuwar Kejetia yana rubuta wa ya zo karɓar zubi, ƙarfe nawa, me aka rubuta a kati, me aka bari a baki. Masu aiki ba sa son biyan kuɗin wannan domin a idonsu zaman banza ne, alhali shi ke nuna ratar da ke tsakanin abin da mutum ya ce yana yi da abin da hannunsa ke yi.

Aiki ya fi lalacewa a wajen zaɓen waɗanda za a yi magana da su. Ba a shiga zango ta taga. Sai an gai da sarkin unguwa da liman, an sanar da asambuliman, wato kansilan unguwa, a kasuwa kuma an ga sarauniyar masu sayar da kayan da ake bincike a kai. Ana zuwa da goro da takardar gabatarwa. Amma idan aka bar wa mai unguwa ya kawo mutanen da kansa, zai kawo 'yan'uwansa da masu bakin magana da waɗanda ba za su ba shi kunya ba, kuma ba da mugunta zai yi ba, karamci ne. Shi ya sa muke neman izini a wurinsa, zaɓe kuwa mu yi da takardar tantancewa mai tambaya biyar ko shida: shekaru, sana'a, aure, tsawon zama a unguwa, da ko tana da asusu. Ana neman bambanci da gangan, wadda ta bar banki, da wadda ba ta taɓa shiga ba, da wadda ke riƙe da biyun. Mutanen da ba su da wurin zama sananne, kamar 'yan kayaye masu dako da suka zo daga arewa, ana samunsu ta hanyar wannan ta kai ka ga waccan. Illar wannan hanya ita ce za ka iya ƙarewa a cikin 'yan ƙauye ɗaya, don haka ana fara zaren daga wuri uku ko huɗu da ba su san juna ba.

Hira nawa ta isa? Ana tsayawa ne idan sabuwar hira ta daina kawo sabuwar magana, abin da masana Glaser da Strauss suka bayyana tun 1967. Akwai gwajin da aka yi da hirarrakin ƙasar nan: Guest da Bunce da Johnson, a 2006, sun bi hira 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya suna ƙirga lokacin da kowane batu ya fara bayyana. Cikin batutuwa 109 da suka fito daga hira 30 na Ghana, 80 sun fito a shida na farko, 100 kuma kafin a wuce sha biyu. Mutane sun riƙe "sha biyu" kamar aya, sun manta cewa matan nan rayuwarsu kusan iri ɗaya ce, tambayar kuma ƙunƙuntacciya. Idan kana da maza da mata, matasa da dattawa, 'yan gida da baƙi, kowane rukuni yana bukatar nasa lissafin.

Zaman rukuni a zango yana da ƙa'idar da ba a karya ta. Maza daban, mata daban, kuma macen da za ta jagoranci zaman mata. Ba a haɗa amarya da uwar mijinta, ko yaron shago da maigidansa, ko kishiyoyi. Kunya da kara za su rufe bakin ƙaramin, ka tashi da muryar mutum ɗaya a rakoda alhali ka biya kuɗin motar takwas. Ko an daidaita shekaru, ba a rasa hajiya ɗaya da za ta riƙe zaman. Ba a katse ta. Mai jagora takan ce, "Hajiya, mun ji naki, Allah ya saka, bari mu ji ko a gidan su Yaya haka abin yake," ta juya jikinta gaba ɗaya zuwa ga wadda ta yi shiru. Mutum biyu ke gudanar da zama, ɗaya na tambaya, ɗaya na rubuta wa ya fara magana, wa ya yi dariya, wa ya kau da kai. Lokaci mafi kyau shi ne da hantsi, ko tsakanin azahar da la'asar. Juma'a ba a sa zama, da azumi kuma sai da safe.

Takardar jagora kada ta wuce manyan tambayoyi 8 zuwa 12. "Kina ganin banki yana da amfani?" amsarta "eh, yana da amfani", domin baƙo ya tambaya kuma ba a kunyata baƙo. "Ba ni labarin ranar ƙarshe da kika je ajiye kuɗi, tun daga fitowarki gida" ita ke kawo kuɗin mota, da layi, da ma'aikacin da ya yi mata Turanci, da rumfar da ta bari ba mai tsaro. "Me ya sa?" a Hausa tana da kamar tuhuma, gara "yaya aka yi?" Idan mutum ya yi shiru, a ƙirga biyar a zuci kafin a sake magana. Sababbin ma'aikata shirun nan ne ke ba su tsoro, sai su cike shi da amsar da suke tsammani, mai amsa kuwa ya ce "haka ne" ya huta. Ana gwada takardar da mutum biyu ko uku kafin a fita, kuma a harshen da za a yi hirar. Kalmar "ajiya" kaɗai tana iya nufin kuɗin banki, ko zubin adashi, ko atamfa da kwanukan da aka tara don auren 'ya.

Tambayar kuɗi tana da nauyi na musamman a Ghana. A watan Mayun 2019 babban bankin ƙasa ya soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347, kuɗin mutane da yawa ya maƙale. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a 2022, aka soke a 2025, ya ƙara wa mutane zargin duk mai takarda da biro. Don haka minti biyar na farko na bayani ne: su wane ne mu, wa ya aiko mu, ba mu da alaƙa da haraji, ba rance muka kawo ba, kuma tana iya tashi duk lokacin da ta so. Wadda ba ta karatun boko a karanta mata takardar yarda, ta dangwala yatsa a gaban shaidar da ita ta zaɓa. Binciken da ya shafi lafiya sai ya bi ta kwamitin ɗa'a, na hukumar lafiya ta ƙasa ko na jami'a, kuma amincewar kan ɗauki makonni, sai a sa su cikin jadawali tun farko. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa mai tara irin waɗannan bayanai yin rajista da hukumarta. Abin da ake ba mai amsa kuɗin mota ne da ruwa da ɗan sabulu ko katin waya. Idan ya yi yawa, washegari layi za ka tarar, kowa ya haddace amsar da ake so.

Rakoda biyu ake kunnawa, ta ainihi da waya da aka kashe mata layi don kada kira ya yanke ɗauka. A saurari minti ɗaya na gwaji kafin a fara. Ruwan sama a kan rufin kwano, janareton maƙwabci idan an ɗauke wuta, da lasifikar masu wa'azi suna iya cinye hira sukutum. Aji a makarantar Islamiyya bayan an tashi ya fi zauren da ke bakin titi. Da yamma a kwafe muryoyin wuri biyu, a sa musu lamba maimakon suna.

Nan ne kuɗi da lokaci suke tafiya, a mayar da murya rubutu. Awa ɗaya ta hira tana cin awa 4 zuwa 6 a hannun gwani idan harshe ɗaya ne kuma murya ta fita. Zaman rukuni ya fi haka. Hirar zango kuwa ba ta zama a harshe ɗaya, jimla kan fara da Hausa, ta ratsa Tiwi, harshen Asante, ta ƙare da Turancin kasuwa, wata kuma ta sako Dagbanci. Masu neman sauƙi sukan saurara su rubuta Turanci kai tsaye. Mun daina karɓar wannan, domin idan an yi haka ba wanda zai iya komawa ya duba abin da aka faɗa na ainihi. Ana fara rubuta maganar yadda ta fito, sannan a fassara a gefe, layi da layi. Kuma ba a gyara wa mutane Hausarsu. Hausar Kumasi da ta unguwar Nima a Accra ba ta Kano ba ce, sau da yawa ba ta raba namiji da mace a nahawu, kuma tana da kalmomin aro nata. Mai rubutun da ya "daidaita" ta ya ɓata shaida. Haka "sai yadda Allah ya yi": wani lokaci tawakkali ne, wani lokaci "a'a" ce cikin ladabi, kuma bayanin mai rubutu a wurin zaman, wanda ya ga fuskar mai maganar, shi ke raba su. Mutum na biyu yakan ɗauki hira ɗaya cikin biyar ya saurara yana bin rubutun. Idan ya sami tsallake, a sake duba duk na wannan marubucin.

Lissafin aiki mai hira 24 da zaman rukuni 6 yakan tsaya haka: fita unguwa kwana 8 zuwa 10 da ma'aikata huɗu, rubutu da fassara fiye da awa 300, nazari da rahoto mako uku. Wanda ya yanka farashi da kwanakin fita kawai, daga aljihunsa zai biya marubuta. Muna karɓar rabin kuɗi kafin a fara, kuma farashin da muka bayar ba ya wuce wata ɗaya yana aiki, saboda yadda darajar sidi, kuɗin Ghana, ke motsi.

Nazari karatu ne, a maimaita. Ana karanta kowace hira sau biyu kafin a taɓa ta, sannan a bi ta ana liƙa wa kowane guntun magana laƙabi gajere: "tsoron rufe banki", "mai susu na zuwa har rumfa", "kada miji ya sani". Laƙuban da suka yi kama ana tara su su zama jigo, tsarin da Braun da Clarke suka shimfiɗa a matakai shida a 2006. Akwai manhajoji kamar NVivo da ATLAS.ti, amma ajiya da nemowa suke yi, ba sa yi maka tunani, kuma aikin hira talatin Excel ya ishe shi. Mutum biyu su sa wa hira uku laƙabi kowa shi kaɗai, su zauna su ga inda suka saɓa. Yawanci saɓanin yana nuna laƙabin da ma'anarsa ba ta tsaya ba. Wadda maganarta ta saɓa wa ta kowa, a ce mace ɗaya da ta fi yarda da banki domin mai susu ya taɓa gudu da zubinta, ba a share ta don rahoto ya yi kyau.

A rahoto kowace magana da aka ɗauko tana zuwa da Hausarta da fassararta, da bayanin da ba zai tona mai ita ba. Cire suna kaɗai bai isa ba: "mai sayar da waake, 'yar shekara 52, kusa da masallacin kaza" kowa a unguwa ya san ta. Sai a rubuta "mai sayar da abinci, ta haura hamsin". Kafin a miƙa rahoto muna komawa ga mutum biyar ko shida cikin waɗanda aka yi hira da su, a karanta musu manyan jigogin a ji ko sun gane kansu a ciki. Mai aiki rubutattun hirarraki yake samu, waɗanda aka goge wa sunaye. Muryoyin suna nan wurinmu a kulle har wa'adin da aka rubuta a takardar yarda, ranar da ya cika a goge su daga kwamfuta da rakoda da wayoyin ma'aikata.