Baƙonmu na Kano da wayarsa

Ɗan yayana ya zo mana hutu daga Kano, ya biyo ta Ɗan Barto da Matamai. Sati ɗaya ke nan yana Zinder, har yanzu ban ga fuskarsa sosai ba, sai saman kansa.

Daren jiya na ja shi fadarmu, wato majalisar hirarmu, ta unguwar Zango. An shimfiɗa tabarma, butar shayi na kan gawayi, ana ta gardamar kokawa. Shi kuwa ya rakuɓe jikin bango yana ta shafa TikTok, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya ga aljani. Shayin farko ya wuce shi, na biyu ya huce a gabansa har kumfar ta kwanta. Na ce, "Kai, ɗana, ba ka gaisa da mutane ba?" Ya ce, "Baffa, ai na sa su a status."

Na so in yi faɗa, sai na duba, uku daga cikin samarinmu su ma kansu na ƙasa, ƴan TikTok ɗin Kano suke kallo, har maganarsu sun fara kwaikwaya. To wa zan zarga?

Da hira ta yi hira ya ba ni labarin 2021, da aka toshe Twitter a Najeriya kusan wata bakwai, suka koma shiga ta VPN, wato manhajar kauce wa toshewar. Nan ne ya ajiye wayar, bakinsa ya buɗe, har da nuni da hannu. Caji ne ya ƙare ashe.

Yau da safe Hajiya ta ɓoye cajar a cikin kwallarta. Ban ce komai ba.