Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lambar Sirri a Rumfar Tura Kuɗi

A makon jiya mun tsaya a rumfar tura kuɗi ta babbar kasuwar Garwa. Yau aikin kansa zan buɗe muku.

Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun watan Disamba na 2010, akwai kuma ANTIC, hukumar gwamnati mai kula da fasahar sadarwa, da ke karɓar ƙorafi. Amma saƙon da ke shigowa wayar dattijo da Faransanci yake zuwa, shi kuwa Hausa da Fulatanci yake ji. Sai ya miƙa wa mai rumfa wayar: "Ɗana, duba mini." Kafin ka tambaya ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, mutum biyar na tsaye. A wurinsa ɓoye maka lambar tamkar ya ce bai yarda da kai ba ne, kunya kuma ba za ta bar shi ba.

Ga yadda 'yan damfara ke shiga. Saƙo ya zo cewa jaka goma ta shigo, sai a kira da muryar kuka: kuskure ne, kuɗin magani ne, a taimaka a mayar. Saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, na bogi da lambar mutum. Kada a mayar da ko dala sai an duba abin da ke asusu, *126# a MTN, #150# a Orange. Wanda kuma ya ce ka danna wasu lambobi ka sa ta sirri don "gyaran layi", cire kuɗinka kake tabbatar masa da hannunka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rajistar layi. Mata da yawa layinsu da katin shaidar miji ko ƙane aka yi shi. Ranar da waya ta ɓata, mai katin kaɗai zai iya karɓo layin, in ya yi tafiya kuɗin adashe ya maƙale. Wanda aka cuta kuma yakan yi shiru don kada a ce masa wawa, ɓarawon ya wuce kan maƙwabci.

Mai rumfa na kirki yakan juya wa mutum wayar, ya kau da kai, ya ce: "Baba, sa da kanka." In hannu na rawa a jira shi. Bayanin nan limami da rediyon gari ya kamata su riƙa yi da harshen mutane.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun satar WhatsApp da lambobi shida.