Istanbul ba Laleli kaɗai ba ce

Yawancin mutanenmu da suke zuwa Istanbul, in ka ce musu ya garin, labarin Laleli za su ba ka. Daga filin jirgi sai otal a Aksaray, daga otal sai shagunan Laleli da Osmanbey da Merter, a sari abaya da kwat da takalmi, a kai kargo a auna, a ɗau hoto a gaban masallacin Sultan Ahmet a koma gida. Ba laifi, wanda ya zo saro kwanakinsa ƙirgaggu ne. Amma wanda ya zo zama irina, ga katin ikamet, wato izinin zama, a aljihu ga kuɗin haya a wuya duk wata, dole ya koyi garin ta wata hanya, in ba haka ba sai ya daɗe yana baƙo, komai a mol zai saya da tsada kamar ɗan yawon buɗe ido.

Abin da ya fara zaunar da ni shi ne gane cewa garin nan mai mutum sama da miliyan 15 har yanzu a layi-layi yake, kowace sana'a da unguwarta, kusan yadda Kantin Kwari yake sai dai an shimfiɗa shi a kan tuddai da teku a tsakiya. Fitilun ado na silin kake so, ka tafi Sishane, titi guda ba komai sai fitila. Labule da yadi da keken ɗinki suna Unkapani. Takalmi Gedikpasa, fata Zeytinburnu, kamara da kayanta Sirkeci, kayan kiɗa kuma titin Galip Dede da yake gangarowa hasumiyar Galata. Rigunan amare da hijabai titin Fevzipasa a Fatih. Littattafai, tsoffi da sababbi har da na Larabci, akwai 'yar kasuwar Sahaflar a gefen masallacin Beyazit. Ba wanda zai zaunar da kai ya karanta maka wannan, a hankali kake tsinta, yau wani abu ya lalace a gida ka tambayi maƙwabci ya ce maka je wuri kaza.

Ni kan famfon kicin ne ya kai ni Persembe Pazari da ke Karakoy. Ya fara ɗiga, mai gida ya ce ba ruwansa, mai gyara kuma ya ce sai dai a canza gaba ɗaya, sai wani Baturke da muke aiki tare ya ce in kwance ɗan ƙarfen ciki in kai can. Wajen lunguna ne matsattsu a bakin ruwa, ko'ina noti da sukuru da sarƙa da igiyar jirgin ruwa da injin ban ruwa, warin giris ya cika hanci. Na miƙa wa wani tsoho ƙarfen, ya sauke tabarau kan hanci ya jujjuya shi, ya auna da ɗan ma'auninsa, bai ce da ni komai ba ya ƙwala wa yaronsa kira. Yaro ya fita da gudu. Kafin ya dawo an ajiye mini shayi a ɗan kofin gilas ɗin nan mai siririn ƙugu, da sukari ƙwaya biyu a gefe, tsohon yana tambayata daga ina, na ce Najeriya, sai ya washe baki ya ce Okocha, don har yau ba su manta wasan da ya yi a Fenerbahce ba. Yaro ya dawo da irin ƙarfen sak daga shagon wani, kuɗin bai kai na abincin rana ba. A shagunan nan in ka shiga ka ce kolay gelsin usta, wato dai sannu da aiki, ka riga ka yi rabin ciniki.

Babbar kasuwar rufi, Kapali Carsi, wadda aka fara tun zamanin Sarki Muhammad al-Fatih wajen 1461, tana da shaguna kusan 4,000, kuma ya kamata mutum ya gan ta, amma gaskiya ni ban ɗauke ta wurin sayayyar mazaunin gari ba in ban da zinare da canjin kuɗi. Ka fita ta ƙofar baya ka gangara Mahmutpasa zuwa Tahtakale, nan ne su kansu Turkawa suke sayen kayan aure da na kicin da ledar ƙunshi da kayan wasan yara a farashin sari. A ƙasan gangaren sai Misir Carsisi, kasuwar kayan ƙamshi, gefenta akwai shagon gahawa na Mehmet Efendi tun 1871, kullum da layi a ƙofarsa amma layin gudu yake. A kula dai, ranar Lahadi Kapali Carsi a rufe take, haka yawancin shagunan sari, Juma'a kuwa ranar aiki ce, wasu su liƙa 'yar takarda a ƙofa cewa sun tafi masallaci su dawo su ci gaba. Kayan miya kuma kar ka wahalar da kanka da manyan kantuna, kowace unguwa tana da ranar kasuwarta a sati, a toshe titi a kafa rumfuna, ta Fatih ranar Laraba ce kuma babba ce sosai, in ka je dab da magariba masu tumatir sun gaji sun karya farashi.

Sai abu na biyu, wanda ya fi ɗaukar lokaci, garin da wata-wata yake tafiya. Abin da ka samu a Afrilu ba za ka same shi a Oktoba ba ko da kuɗinka.

Kifi ma kaɗai ya isa misali. Daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba an hana manyan jiragen masunta kamun kifi, don ya samu ya hayayyafa. Satumba na kamawa sai ka ga teburan masu kifi sun cika da palamut, bayansa lufer wanda suke ji da shi kamar me, in sanyi ya shigo sosai sai hamsi, ƙananan nan na Baƙin Teku, a birkiɗa su a garin masara a soya, shi ne naman talaka a hunturu. Kan gadar Galata kuwa dare da rana masu fatsa ne a jere, ko ana ruwa.

Hunturun nan ba wasa ba ne, ba don dusar ƙanƙara ba, ita wata shekarar ma da ƙyar take sauka, damshi ne da iska da sararin sama mai toka-toka, ga bil ɗin gas da yake zuwa ya tayar maka da hankali. Shekarar farko mutum ƙunshewa yake a ɗaki ya yi ta kallon waya har ransa ya fara ɓaci ba dalili. Maganin shi ne ka fita. Lokacin ne masu amalanke suke gasa kestane, wani ɗan itace mai ɓawo, a kowace kusurwa, ana sayar da salep, abin sha na madara mai kauri, da zafinsa da kirfa a sama, a unguwar Vefa kuma akwai shagon boza tun 1876, abin sha ne mai kauri na gero da ɗan tsami, da cokali ma ake shansa, ka tsallaka titi ka sayo leblebi, wani gasasshen wake, ka zuba a kai. Ni ya karɓe ni tun kurɓar farko, abokina kuwa ya ce ko kyauta ba ya so.

Afrilu watan furen lale ne, wato tulip, hukumar birni ta shuka miliyoyi, lambun Emirgan da na Gulhane su koma ja da rawaya da fari, shiga kyauta. Daga nan ƙasar aka kai furen Turai a ƙarni na 16 kafin a san Holan da shi, kuma duk Baturken da ka haɗu da shi a lambun sai ya tuna maka. Ka je ranar aiki da safe, Asabar da Lahadi amare da masu hoto ba sa barin wurin taka ƙafa.

Azumi shi yake yawo cikin shekara, amma duk lokacin da ya faɗo garin canzawa yake. Ana ɗaura fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai su rubuta kalmomi a sama, mahya suke ce masa. Da asuba mai ganga yana zaga unguwa yana tashin mutane sahur. Abin da na fi so shi ne layin gidan burodi kafin shan ruwa, ana jiran pide, faffaɗan burodin da aka fi yi a watan nan, da riɗi da habbatussauda a kai. Kowa ya yi shiru yana leƙen tanda yana duba agogo, mai burodi yana zaro su da doguwar katako yana naɗewa a takarda, ka rungume naka yana ƙona maka ƙirji ta cikin riga kana sauri gida. A masallacin Hirka-i Serif da ke Fatih ana buɗe alkyabbar da ake danganta wa Manzon Allah (SAW), wadda ta zo ta hannun zuri'ar Uwaisul Ƙarni, a watan nan ake nuna ta. Eyup kuwa, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, iyalai tun la'asar suke shimfiɗa a harabar suna jiran kiran sallah.

In kuma aljihu ya yi sanyi, wanda da yadda lira take faɗuwa ba abin mamaki ba ne, katin Istanbulkart ɗinka na biyan kuɗin mota da jirgi ya ishe ka yawo. Ka hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy, minti ashirin ko ƙasa da haka ka bar Turai ka shiga Asiya, ka sayi shayi a ciki ka gutsura simit, burodin nan mai zobe da riɗi, kana jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a iska. Akwai Marmaray, jirgin ƙasan da yake bi ta ƙarƙashin ruwa tun 2013, ya fi sauri, amma ni sai ina makara nake hawansa, ko ranar da lodos, iska mai ƙarfi daga kudu, ta taso aka dakatar da jiragen ruwa. Da zafi ana tafiya tsibiran Adalar, can ba a shiga da motar gida, keken doki ma an daina tun 2020, sai keke da 'yan motocin lantarki. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba in ka hau tudun Camlica, inda aka buɗe ƙaton masallaci a 2019, za ka iya dacewa da ayarin manyan tsuntsaye dangin shamuwa suna ƙetare ruwan za su Afirka.

Wanda nake jira yanzu shi ne gudun famfalaƙi na watan Nuwamba. Gadar farko ta Bosforus, ruwan da ya raba garin biyu, wadda aka buɗe a 1973, ba a barin masu tafiya a ƙasa su hau ta, amma ranar nan ana rufe wa motoci ita, jama'a su tsallako daga Asiya zuwa Turai da ƙafa. Ba sai ka iya gudu ba, akwai rukunin gama-gari da ake tafiya a hankali da yara da tsofaffi ana ɗaukar hoto, sai dai a yi rajista da wuri don guraben cikewa suke.