Daga Idu zuwa Rigasa

Jirgin safe na hau a tashar Idu da ke Abuja, zan je biki Tudun Wadar Kaduna. Tun da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016 jama'a suka koma masa don gudun masu garkuwa da mutane a hanyar mota, har ranar 28 ga Maris 2022 da aka tare jirgin shi ma wajen Katari da Rijana. Sai a Disamba ya dawo aiki.

Kusa da ni wata dattijuwa ce riƙe da carbi, 'ya'yansa sun sha hannu har sun yi sulɓi. Wani saurayi a gefenta ya buɗe waya ya karanta "Subhanallazi sakkhara lana haza" da ƙarfi, sannan ya juyo.

"Hajiya, kin yi addu'ar hawa abin hawa kuwa?"

"Ɗan nan, karatuna bai wuce Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ba. Sauran da Hausa nake gaya wa Ubangijina. Na ce ya kai ni in ga jikata, ya sauke ta lafiya, kuma kada kuɗin asibiti ya fi ƙarfin mijinta."

Yaron ya shiga yi mata bayanin falalar addu'o'in da suka zo a hadisi. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma ni roƙon tsohuwar ya fi kama ni, domin ta san abin da take so, ta kuma san wanda take roƙo. Wata mata a kujerar baya, da zanen Zumuntar Mata na coci, ta leƙo ta ce, "Mama, ni har kuɗin makarantar yara nake lissafa masa ɗaya bayan ɗaya." Tarago ya kwashe da dariya. Sabon Tasha za ta, ƙetaren kogi, inda Kiristoci suka fi yawa tun bayan rikicin 2000.

Da muka wuce Jere, muka doshi wajen da aka taɓa tare jirgin, hira ta mutu. Carbin Hajiya ya ƙara sauri, matar nan ta rufe ido tana motsa leɓe. Wani ɗan kasuwa ya ce in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Haka ne, sai dai shi ɗin ma tikitin jirgi ya saya, bai bi mota ba.

A Rigasa, ana turereniyar sauka, Hajiya ta riƙo hannun rigar saurayin ta ce ya rubuta mata addu'ar nan, akwai jikanta ɗan Islamiyya da zai biya mata. Ba shi da biro, sai matar Sabon Tasha ta zaro nata daga jaka. Na baro su ya dafa takarda a kan akwati yana rubutu, na fita neman mai keke, wanda ya yanka mini kuɗi kamar Zariya zai kai ni.